Kukan Kurciya Jawabi Ne: Darasi A Kan Ƙarar Na'urar Riƙon Wuta

Dukanmu mun san yadda wutar lantarki takan ɗauke ba sallama. A ɗakin kwana, sai mu kunna fitila mu ci gaba da karatu. Amma a asibiti akwai kayan da ba su iya jira, kamar injin iskar numfashi, da kwalbar renon bakwaini, da firjin ajiye jini wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 6. Haka ma kwamfutar ofis: in wuta ta ɗauke tana cikin aiki, abin da ba a adana ba ya tafi. Domin wannan ne aka ƙera na'urar riƙon wuta, wadda masu gyara suke kira yu-fi-es.

Yadda take aiki

A cikinta akwai abubuwa uku: batir, da caja mai cika shi, da inbata mai juya wutar batir ta zama irin ta bango. Da zarar wuta ta ɗauke, sai ta koma kan batir cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sai dai mu lura, riƙon ƙwarya ne kawai take yi. Aikinta shi ne ta ba mu 'yan mintoci mu tayar da janareta, ko mu kashe kaya cikin tsari.

Bari mu yi lissafi. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84, wato 12 sau 7. Idan kayanmu suna jan wat 168, a takarda zai kai rabin awa. A aikace ba ya kaiwa, gama inbata tana cin nata rabo, kuma batirin da aka ja da ƙarfi yakan gaji da wuri.

Abin da ƙarar take faɗi

Na'urar ba ta da baki, saboda haka da ƙara take magana. Mu ɗauki misalin da yawa daga cikin ƙananan na'urorin kamfanin APC:

1. Ƙara huɗu kowane sakan 30: wuta ta ɗauke, ana kan batir. Mu adana aikinmu, mu aika a tayar da janareta.
2. Ƙara a jere ba hutawa: batir ya kusa ƙarewa, saura kamar minti 2. Mu kashe kwamfuta nan da nan. In kuwa injin majiyyaci ne, a kira ma'aikacin jinya tun ƙara ta farko.
3. Doguwar ƙara guda wadda ba ta yankewa: kaya sun yi mata nauyi. Mu cire wasu.
4. 'Yar ƙara ta minti 1 kowane awa 5: batir ya tsufa, a sake shi.

Kowane kamfani da tsarinsa, don haka mu karanta littafin da ya zo tare da na'urarmu.

Me ya sa take kashe kanta? Batirin dalma mai bolt 12, idan aka zuƙe shi ƙasa da bolt 10.5, yakan lalace. Domin ta cece shi, sai ta yanke wutar, amma takan yi gargaɗi tukuna.

Haɗarin shiru

Wasu, in ƙarar ta dame su, sai su danna maɓallin shiru su manta. Wannan ganganci ne. Ranar 14 ga Agusta, 2003, tsarin gargaɗi na ɗakin lura da wuta na kamfanin FirstEnergy a jihar Ohayo ta Amurka ya daina aiki, ma'aikata kuwa suka yi fiye da awa guda ba su sani ba. Layuka suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har mutane kimanin miliyan 50 a Amurka da Kanada suka shiga duhu. Ashe shirun ƙararrawa ba ya nufin lafiya lau.

Abin da ya kamata mu yi

Irin wannan batir yakan yi shekara 3 zuwa 5, amma zafi yana rage masa kwana. An auna shi ne a kan digiri 25, kuma ƙarin kowane digiri 10 yakan raba kwanakinsa biyu. A nan arewa, inda zafin bazara yakan wuce digiri 40, wajibi ne mu ajiye shi inda iska take shiga. Kada mu haɗa masa dutsen guga ko hitar ruwa. Sau ɗaya a wata, lokacin da ba majiyyaci a kai, a gwada a ji ko ƙarar tana fita. A kuma rubuta ma'anar kowace ƙara a manna a bango, domin mai gadin dare ma ya gane. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Faɗi sassa uku na na'urar riƙon wuta.
2. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 9, wat-awa nawa ke nan?
3. Me za ka fara yi idan ka ji ƙara a jere ba hutawa?