Amsoshin Tambayoyinku: Shin Duk Masu Suna Smith Dangin Juna Ne?

Tambaya: Ni malamin firamare ne a Zoza, ƙaramar hukumar Rogo. Na ji labarin littafin Baba ta Karo, wadda aka ce 'yar yankinmu ce ta wajen Zarewa, kuma wata Baturiya Mary Smith ce ta rubuta shi. Sai ga Abdullahi Smith na Arewa House. Shin 'yan gida ɗaya ne? Mene ne asalin sunan?

Amsa: Ba 'yan gida ɗaya ba ne, suna ne kawai ya haɗa su. Smith a Turanci maƙeri ke nan, ba wani kaka guda ba ne da zuri'arsa ta bazu a duniya.

Can da, mutanen Ingila suna ɗaya suke ɗauka. In masu suna John suka yi yawa a ƙauye sai a bambance su da sana'a, ko uba, ko gari, ko kamanni, kamar yadda muke cewa Audu Maƙeri, Audu Dogo, Audu na Malam. Bayan da Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci ƙasar a 1066, rubuta sunan mutane don haraji da gadon fili ya yawaita, laƙabin uba ya fara manne wa ɗa. Zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun sami sunan da ake gada. Daga nan jikan maƙeri, ko bai taɓa riƙe awartaki ba, Smith zai mutu.

Ka dubi maƙerar garinku ranar kasuwa, gab da faɗuwar damina. Yaro na jan zugazugi, gawayi ya yi jajur, maƙeri ya ɗora ƙarfe bisa uwar maƙera yana dirka masa masaba, manoma sun zauna jiran gyaran garma da fartanya. Wane gari ne zai zaunu ba shi? Haka Ingila take a lokacin, kowane ƙauye da maƙerinsa mai ƙera takalmin doki da lauje da ƙusa. Dubban maƙera da ba su san juna ba suka bar wa 'ya'yansu suna iri ɗaya. Shi ya sa ya fi kowane suna yawa a Ingila da Amurka, inda ƙidayar 2010 ta sami masu shi sama da miliyan 2 da dubu 400. A cikinsu akwai baƙar fata da yawa waɗanda kakanninsu bayi suka ɗauki sunan iyayen gijinsu. Jamusawa na cewa Schmidt, Larabawa Haddad, Italiyawa kuma Ferrari, wato dai motar tseren nan da samari ke mafarki sunan maƙeri take ɗauke da shi.

Sai mu dawo gida. Mary sunan mijinta ta ɗauka, bisa al'adarsu ta mace ta bar sunan gidansu in ta yi aure. Mijin, M. G. Smith, a Kingston ta Jamaika aka haife shi a 1921, shi ne ya rubuta littattafai kan sarautar Zazzau da Daura da Kano. Yana bincikensa a ƙasar Zazzau matarsa ta zauna da Baba a Giwa tsakanin 1949 da 1950, tsohuwa na ba da labari da Hausa tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, ba ta gan shi ba. Shi kuwa Abdullahi Smith haifaffen Ingila ne, malamin tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya musulunta a 1967, ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970, ya rasu a 1984. Ka lura, sunansa na farko, Henry, ya ajiye ya ɗauki Abdullahi, amma Smith bai taɓa shi ba.

Mu ma boko ya kawo mana irin wannan, sai dai ta wata ƙofa. Rajistar makaranta ce ta liƙa wa yara sunan gari, aka sami Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ba wanda zai ce duk mai amsa Rogo ko Ƙaraye a takardarsa ɗan'uwan ɗaya ne. A ganina ma tsarinmu na jera sunan uba da na kaka ya fi nuna jini, illarsa ita ce bayan hawa uku zaren yakan tsinke.

Don haka, Malam, in kana son tarihin gida kada ka bi suna. Ka bi hanyar da Mary ta bi: ka sami tsohuwa ka zauna da biro da takarda. Zarewa ba ta da nisa da ku.