Idan Jikinki Ya Ba Ki Cewa Labarin Ya Karkace

Wata 'yar'uwa mai rubuta ƙagaggun labarai ta aiko da tambaya. Ta kai rabin littafinta na farko, sai jikinta ya ba ta cewa wani abu ya karkace, amma ta rasa gane ko mene ne. Gwiwarta ta yi sanyi, har tana tunanin yaga rubutun ta huta.

'Yar'uwa, kada ki yaga komai tukuna. Abin da kika ji a jikinki yana iya zama gaskiya. Gary Klein, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya daɗe yana nazarin 'yan kwana-kwana. Ya kawo labarin wani shugabansu da ya shiga wani gida da mutanensa, suna watsa wa wuta ruwa ta ƙi lafawa. Haka kawai ya ji hankalinsa bai kwanta ba, ya ce kowa ya fita. Fitarsu ke da wuya daɓen ya rufta, domin ashe ainihin wutar tana ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Sai daga baya ya gane abin da ya tsorata shi: zafi ya yi yawa, ƙarar wutar kuma ta yi kaɗan. Shekarun da ya yi a aikin ne suka gano masa, kafin bakinsa ya iya faɗi.

A 2009 Klein da wani masanin halayyar ɗan Adam, Daniel Kahneman, suka yi rubutu tare a kan wannan. Sun ce ana dogara da irin wannan ji ne a fagen da ke da tsari, wanda mutum ya daɗe a cikinsa yana ganin sakamakon abin da ya yi. To ke, idan kin sha karatun littattafai tun ƙuruciya, kunnenki ya san inda labari ke tafiya da inda yake ɗingishi. Ki yarda da shi idan ya ce akwai matsala. Amma idan ya ce ke ba marubuciya ba ce, wannan gajiya ce ke magana, kada ki saurare ta.

Ki ajiye rubutun mako biyu. Masanin lissafin nan na Faransa, Henri Poincaré, ya faɗi yadda warwarar wata matsala ta faɗo masa daidai lokacin da ya ɗaga ƙafa zai hau keken dokin haya a garin Coutances, bayan ya sha fama da ita a kan tebur. Wahalar ce ta riga hutun, kuma ke kin riga kin sha taki. Idan kin dawo, ki karanta a bayyane da alƙalami a hannu, duk inda kika ji hankalinki ya tafi wani wuri ki sa alama. Sannan ki ba mutum biyu da ba sa jin nauyinki su karanta. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, za su ce ya yi. Tambaye su a wane shafi suka ajiye.

Batun sanyin gwiwa shi ya fi damuna, domin shi ke binne littattafai masu kyau a ƙasan akwati. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Gabriele Oettingen, ta nuna a bincikenta cewa mai yawan mafarkin nasara sau da yawa kuzarinsa raguwa yake yi, kamar zuciya ta ɗauka an riga an isa. Fatan da ke aiki shi ne wanda ya kalli abin da ya tare hanya, ya kuma shirya masa. Saboda haka ki rage hango ranar ƙaddamarwa. Ki rubuta a takarda abin da ke hana ki zama: waya ce, ko aikin gida, ko tsoron bakin mutane? A gabansa ki rubuta abin da za ki yi idan ya taso. Idan dare ne ke zuwa kin gaji, ki mayar da rubutun bayan sallar asuba, ko da shafi ɗaya ne.