Yadda Ake Zaɓen Tsirkiyar Jita

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana wata hasara ce da na jawo wa kaina bara, ba na kuwa so waninku ya faɗa ramin da na faɗa. Sa'ad da aka rarraba mu koyarwar gwaji, ni aka kai ni wata firamare a yankin Gwagwalada, aka ba ni aji huɗu, har da darasin waƙa. Sai na je na ari jita wurin wani dattijo mai bi da mawaƙa a majami'armu. Ran nan ina cikin ɗaure ta sai tsirkiya guda ta tsinke. Ban tambayi kowa ba, na shiga gari na sayo tsirkiyoyin ƙarfe guda shida, don na ga sun fi araha, an kuma ce mini sun fi ƙara. Na kwance na da duka, na ɗaura sababbin. Ba a yi mako biyu ba sai na ga jakin jitar, watau ɗan katakon nan da ake ɗaure gindin tsirkiya a jikinsa, ya fara ɗagowa. Da na kai wa dattijon, ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, ai ka ɗora wa jaki kayan raƙumi." Na ce, "Baba, na tuba." Kuɗin gyara ya cinye guzurina na wata guda, yara kuma suka yi mako uku ba jita. Ga abin da na koya daga baya.

Da fari dai sai ka san irin jitarka, gama iri biyu ne, kowace da tsirkiyarta. Akwai wadda aka yi domin tsirkiyar nailan, mai faɗin wuya, wadda ake ƙulla tsirkiyarta a jikin jaki. Akwai kuma ta ƙarfe, mai siririn wuya, an sa mata sandan ƙarfe a cikin wuyan don ya jure ja. Tsirkiyoyin nailan shida, in an ɗaure su daidai, suna jan jita da nauyin kusan kilo 40. Na ƙarfe matsakaita kuwa sun wuce kilo 70. To, kun ga abin da ya ɓamɓare jakin Baba. Saboda haka doka ta fari ita ce, kada ka sa ƙarfe a jitar nailan, ko da kyauta aka ba ka.

Ita tsirkiyar nailan ba tsohon abu ba ce. A da da hanjin tumaki Turawa ke yin tsirkiya, kamar yadda masu goge a ƙasarmu ke amfani da gashin wutsiyar doki. A 1935 aka gano nailan a kamfanin DuPont na Amurka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa hanji ya yi wuya, sai wani maƙerin jita a birnin New York, Albert Augustine, ya shiga gwada nailan tare da shahararren makaɗin nan na Sifen, Andrés Segovia, har abin ya karɓu bayan yaƙin.

Na biyu, sai mu duba abin da ke sa murya ta hau ko ta sauka. Wani limamin Kirista Bafaranshe, Marin Mersenne, ya bayyana wannan a littafinsa na 1636. Abu uku ne: tsawo, da ja, da nauyi. In ka danne tsirkiya a tsakiyarta, watau a gaɓa ta 12, saurin kaɗawarta ya ninka biyu, muryar ta hau. In kuwa da ja kaɗai kake so ka ninka shi biyu, sai ka ninka jan sau huɗu. Tsirkiya mai nauyi kuma a hankali take kaɗawa, muryarta ƙasa take. Shi ya sa babbar tsirkiya ta jita ke kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa guda, ƙaramar kuwa kusan sau 330, alhali tsawonsu ɗaya ne. Shi ya sa kuma ake naɗe manyan da siririyar waya, don su yi nauyi ba tare da sun sandare ba. Wannan doka ba ta san Bature ko Bahaushe ba. Ita ce ke aiki a garaya da molo, ita ce kuma marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya bi ya fitar da muryoyi masu yawa daga kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak.

Na uku shi ne kauri, nan ne yatsa ke da ta cewa. A jikin fakitin tsirkiyar ƙarfe za ka ga lamba biyu, kamar 12-53. Ta farko kaurin ƙaramar ne, ta biyu na babbar, ana auna su da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Mai 10-47 ita ce mafi laushi, ba ta cin yatsa, amma muryarta siririya ce. Mai 13-56 tana da amo mai cika ɗaki, amma sai yatsun da suka yi kanta, da jita mai ƙwari. Mai 12-53 tana tsakani. Ni a ganina, mai koyo ya fara da 10 ko 11, gama na ga abokai da yawa sun jingine jita tun makon fari don zafin yatsa, suna cewa ba su da baiwa, alhali laifin tsirkiya ne. Malamin da zai bi da yara hamsin a aji mai rufin kwano kuwa, 12 ta fi masa, don a ji shi har bencin baya.

Na huɗu, irin wayar da aka naɗe ta da ita. Wadda aka rubuta wa 80/20, kashi 80 jan ƙarfe ne, kashi 20 tutiya. Muryarta garau take tana sabuwa, amma ba ta daɗewa sai ta dushe. Akwai kuma Phosphor Bronze, wadda kamfanin D'Addario ya fitar a 1974, kusan kashi 92 jan ƙarfe, kashi 8 kuza, irin ma'adinin nan da aka daɗe ana haƙa a Jos. Muryarta ta fi taushi, ta kuma fi jure gumi. Sa'an nan a 1997 aka fito da Elixir, wadda aka lulluɓe da wata siririyar riga don kada dauɗa ta shiga tsakanin naɗin. Tana daɗewa ƙwarai, sai dai tsada, waɗansu kuma suna cewa tana da santsi a yatsa.

To, wace ce ta fi araha? Bari mu yi lissafi irin na aji huɗu. A ce, don misali, wata Naira 5,000 ce, tana kai wata 2, wata kuma Naira 15,000, tana kai wata 8. Ta farko ta ci maka Naira 2,500 a wata, ta biyu Naira 1,875. Ashe mai tsadar ita ce mai arahar. Amma fa in kai mai yawan tsinke tsirkiya ne, lissafin ya juya, gama riga ba ta hana tsinkewa. Ka kuma yi hankali da jabu. Duba fakitin ko a like yake, duba ƙananan ko akwai ɗigon tsatsa. In ka ga farashi ya faɗi ƙasa da kima, ka tuna araha ba ta ado.

Yanayinmu na Abuja ma yana da nasa hukunci. Daga Afrilu zuwa Oktoba damina ce, laima da gumi suna kawo tsatsa. Saboda haka wanke hannu kafin ka kaɗa, in ka gama ka share kowace tsirkiya da busasshen ƙyalle, sama da ƙasa. Da hunturu kuwa katako ne ke shan wuya, yana bushewa har ya tsage. Ajiye jita cikin jakarta, nesa da taga da rana. In ka ga tsirkiya ta yi baƙi, ko muryarta ta mutu, ko ta ƙi zama daidai kome ɗaurinka, to, kwananta ya ƙare.

A ƙarshe ga wani gwaji da za ku yi da yaranku. Ku sami gwangwanin madara, da sanda, da waya biyu, siririya da kakkaura. Ku ɗaura su, ku sa ɗan itace ya zama jaki. Sa'an nan ku tambaye su: Me ya faru da muka rage tsawo? Me ya faru da muka ƙara ja? Wace waya ce muryarta ta fi ƙasa, don me? Yarana na Gwagwalada da kansu suka gano amsoshin nan uku a makonnin da muka yi ba jita, ba su kuwa taɓa jin sunan Mersenne ba.

Wanda duk ya ari kayan wani, ya tambayi mai shi kafin ya sāke kome, gama matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu sa'ar aikin da muka sa gaba, amin.