Hukuncin Kama Ɗa a Sa Masa Kuɗi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa asalin ɗan Adam 'yanci ne. Buhari ya ruwaito hadisi cewa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, Allah da kansa ne abokin husumarsa ranar alƙiyama. A 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya wallafa Mi'irajus Su'udi, inda ya bayyana cewa baƙar fata ba ta halatta bautar da kowa.

Duk da haka, a ƙarshen ƙarni na 19 dakarun Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, sun yi ta kai hari ƙasashen Gwari suna kwasar mutane, har Turawa suka ci garinsa a 1901. A shekarar ce Gwamna Lugga ya hana cinikin bayi, ya kuma ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu ɗa ne. Sauran bayi sai suka dinga fansar kansu gaban alƙalai ta hanyar murgu, mai kama da kitabar da Suratun Nur ta ambata. Sai 1936 aka soke bauta ɗungurungum.

Abin takaici, a 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun mai da dajin Birnin Gwari maɓoya, suna tare matafiya a hanyar Kaduna, suna yanka musu farashi. Sunansa kuɗin fansa, amma hukuncinsa na mai sayar da ɗa ne. Dangin da suka biya don ceton rai ba su da laifi. Wanda ya karɓa, da mai kai masa labari, haram suka ci.