Yadda Ake Tsara Kuɗin Tafiyar Hutu ta Iyali Daga Yamai

Ga yawancin magidantan Yamai, hutun iyali yana nufin tafiyar ganin gida, wato a kwashi mata da yara a kai su Doso, ko Tawa, ko Maraɗi, ko Damagaram, su gaida kakanni, su san dangi, kuma akasari ana yin haka ne a babban hutun makarantu, wanda yake farawa a wajajen Yuli ya ƙare a ƙarshen Satumba. Zumunta a ƙafa take, amma tafiyar tana cin kuɗi fiye da yadda ake zato, domin kuɗin mota, wanda shi kowa yake fara lissafawa, sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da za a kashe ba. Lissafin da zai biyo baya da jika aka yi shi, kamar yadda ake ƙirga kuɗi a kasuwannin Nijar, inda dala ɗaya take daidai da sefa 5, jika ɗaya kuma take daidai da dala 200, wato sefa 1,000.

Matakin farko shi ne a fara lissafi daga ranar dawowa, saboda hutun yana ƙarewa ne daidai lokacin da ake buɗe makarantu a farkon Oktoba, kuma magidancin da ya sauka a tasha aljihunsa babu komai zai tarar da kuɗin rajista, da littattafai, da kayan makaranta, da kuɗin haya, da takardar wutar NIGELEC duk suna jiransa a mako guda. Don haka kafin a rubuta ko dala ɗaya da sunan tafiya, sai a ware kuɗin makaranta da cefanen watan dawowa a wani wuri dabam, a ɗauke su a matsayin kuɗin da babu su. Abin da ya rage bayan wannan shi ne ainihin ƙarfin mai gida, kuma shi zai nuna ko iyalin duka za su tafi, ko uwa da ƙananan yara kaɗai, ko kuwa a ɗage tafiyar zuwa baɗi.

Mataki na biyu shi ne a tsayar da wuri da lokaci da yawan kwanaki, tun da nisa shi yake yanke kuɗin mota da na guzuri. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta nufi gabas, tana isa Doso bayan kimanin kilomita 140, ta bi ta Dogonduci da Birnin Ƙonni, ta kai Maraɗi a wajen kilomita 660, sannan Damagaram a wajen 900, tafiyar da take cinye wuni guda cur a cikin mota. Lokacin hutun kuma shi ne tsakiyar damina, kuma a watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke hanyoyin fita daga Yamai har zirga-zirga ta tsaya na kwanaki, saboda haka mai hankali yakan ƙara kuɗin kwana biyu ko uku a kan abin da ya tsara. Wanda yake nufin ƙetare iyaka yana da ƙarin aiki: tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 al'amuran iyakoki suka sauya, musamman ta wajen Gaya da ƙasar Benin, kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025, don haka wajibi ne a bincika halin hanya da takardun da ake nema, har da katin rigakafin shawara, kafin a sa rana.

Daga nan sai a zo ga rubuta kasafi, wato jerin abubuwan da za a kashe wa kuɗi da adadin kowannensu, kuma gara a yi shi a littafi, miji da mata suna zaune tare, domin uwargida ce ta san yawan gwaggwanni da innoni da ba a shiga gidajensu hannu rabbana. Farashin kujera ana samunsa ne ta hanyar zuwa tashoshin kamfanonin sufuri irin su Rimbo, da STM, da SONEF, da Al Izza, a tambayi kuɗin babba da na yaro, da shekarun da ake fara biya wa yaro kujera, da kuma abin da ake karɓa a kan kaya idan sun yi yawa. A rubuta zuwa da dawowa tare, a haɗa da kuɗin tasi na zuwa tasha da asuba, da ruwan sha, da abincin hanya, wanda yake raguwa ƙwarai idan an soya nama ko an yi dambu daga gida maimakon a riƙa saye a duk inda mota ta tsaya.

Babban ramin da kuɗi suke zurarewa shi ne tsaraba da alheri, kuma a nan ya kamata a fi daɗewa. Tsaraba ita ce kayan da matafiyi yake kai wa mutanen gida, kamar turmin atamfa, da sabulu, da sukari, da shayi, da dabino, da takalman yara, alheri kuwa shi ne kuɗin da ake miƙa wa tsofaffi da marasa lafiya da masu jego a lokacin gaisuwa. Mutumin da ya zo daga babban birni ana ɗaukarsa mai hali ko da albashinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ya iso ne a tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, farashin gero kuma yana sama. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a rubuta sunayen waɗanda za a gaisar, a kasa su gida uku: iyaye da kakanni da surukai, waɗanda haƙƙinsu ya fi nauyi, sai 'yan'uwa na kusa, sai maƙwabta da abokan arziki, waɗanda sabulu ko goro ya ishe su. Kowane suna a sa masa adadi, a canza kuɗin zuwa ƙananan takardu na dala 100 da dala 200 tun daga Yamai, a sa su a ambulan dabam-dabam, domin wanda ya zaro takardar jika 10 a gaban jama'a da wuya ya iya neman canji. Haka nan iyalin mutum biyar da za su yi mako biyu a gidan da ake auna hatsi da tiya nauyi ne, kuma buhun shinkafa da galan ɗin mai da aka sauke a ranar isowa sun fi wa masu masauki amfani a kan tarkacen tsaraba.

A ɗauki misalin magidanci mai mata ɗaya da yara uku da zai je Maraɗi na mako biyu, a ƙaddara kujera jika 10 ce, ƙaramin yaron kuma a cinya zai zauna: kujeru huɗu zuwa da dawowa sun kama jika 80, guzuri da tasi jika 20, tsaraba jika 55, gudummawar cefane da alheri jika 60, jimilla jika 215. A kan wannan sai a ɗora kuɗin ko-ta-kwana, wato abin da ake riƙewa saboda larurar da ba a tsara ba, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a ce jika 25, lissafi ya tsaya a jika 240. Larurar da ta fi yawa a wannan lokaci ita ce zazzaɓin cizon sauro, wanda yake tsananta daga Agusta zuwa Oktoba, don haka gidan sauro yana cikin kayan tafiya, kuma idan akwai yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a kula kada tafiya ta sa ya tsallake maganin rigakafin da ake rabawa wata-wata a damina.

Mataki na gaba shi ne a raba jimillar a kan watannin tari. Daga Oktoba zuwa Yuli wata goma ne, amma kuskure ne a raba da goma, saboda watan azumi da ƙaramar Sallah da watan layya ba sa barin rara a gida, kuma a 'yan shekarun nan duk suna faɗowa ne kafin hutu: a 2025 ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris, babbar kuma a farkon Yuni, kuma kowace shekara suna matsowa da kwana 10 ko 11. Idan aka raba jika 240 da wata takwas, ana samun jika 30 a wata, wato jika ɗaya a rana. Ma'aikaci ya cire nasa ranar da albashi ya shigo, kafin ya taɓa komai, ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu kuma ya cire kullum da yamma kafin ya rufe shago. Idan adadin ya fi ƙarfin mai gida, kasafin ake komawa a rage kwanaki ko tsaraba, ba a taɓa kuɗin makaranta.

Inda ake ajiye kuɗin yana da muhimmanci kamar tara su. Asusu na gida, na ƙasa ko na katako, yana da sauƙi, sai dai duk baƙon da ya zo da kuka yana iya sa a fasa shi. Adashi, wato tarin da ƙungiyar mutane suke zubawa a ƙayyadadden lokaci kowa ya kwasa bi da bi, ya fi tsare kuɗi saboda kunyar fashin zubi, amma amfaninsa ga matafiyi ya dogara ne da a roƙi uwar adashi tun farko ta sa kwasarsa a Yuni ko Yuli, kuma a shiga da mutanen da aka san gidajensu. Mata da yawa sun saba da tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, inda ake zubi mako-mako a akwati mai makulli, a raba a ƙarshen zango. Wanda yake da asusun ajiya a banki, kamar Sonibank ko BIA, ko Bankin Musulunci na Nijar ga mai gudun kuɗin ruwa, yana iya neman a riƙa cire adadin daga albashinsa kai tsaye. Ajiya a waya, irin ta Airtel Money, tana da amfani ga mai tarin kullum, illarta ita ce kuɗin suna kusa da yatsa, kuma akwai ladan cirewa da ya kamata a sa a lissafi.

Sayayya kuma a rarraba ta. Atamfa da sabulu da sukari ba sa lalacewa, don haka a saye su kaɗan-kaɗan a Babbar Kasuwa ko Katako ko Wadata a watannin da babu cunkoson Sallah, a kulle a akwati. Tikiti a yanke shi kwanaki kafin tafiya, a guji makon Sallah da makon ƙarshe na Satumba, lokacin da kowa yake rububin komowa.

A ranar tafiya ba a ɗaukar kuɗin duka a jiki. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana suna da rassa a garuruwan da ke kan babbar hanya mai lamba 1, kuma mutum yana iya aika wa kansa ya karɓa a can da katin shaidarsa, ko ya bar kuɗin dawowa a hannun amintacce a Yamai, a turo masa kwana biyu kafin ya taso. Kuɗin da yake aljihu a gaban dangi ba ya kai ƙarshen mako, kuma magidanta da dama sun sayar da waya ko sun ci bashi don kawai su dawo da iyalinsu gida.

Shekarar da lissafi ya ƙi fita, ana iya barin yara su huta a Yamai, a kai su Gidan Tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, su ga namun daji da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da masu sana'ar hannu, a aika wa mutanen gida rabin abin da aka tara. Shekarar da aka tafi kuwa, a rubuta duk abin da aka kashe a littafin kasafin tun ana hanya, domin da waɗannan alƙaluma ake fara tarin baɗi a watan Oktoba.