Darasi: Yadda Za Mu Auna Littattafan Ɗakin Karatunmu



Kusan kowace shekara bayin Allah suna aiko mana da littattafai kwali-kwali, mu jera su a ɗakin karatun da ke jikin masallaci. Baƙo ya leƙo ya ga kanta cike, ya ce masha Allah. Rannan kuwa wata yarinya mai shirin jarrabawar BECE ta zo neman littafin lissafi, ta duba sama da ƙasa, ta koma gida hannu rabbana. Mu 'yan kasuwa mun san shagon da mai saye ya shiga ya fita bai sami abin da yake so ba, komai cikarsa, asara yake yi. Shi ya sa muka zauna muka auna littattafan sashe-sashe, da tambayoyi huɗu. Ga su nan, ko za su amfani wani zango.

Ta farko: tushen fannin yana nan? A nemi masanin fannin ya rubuta littattafan da ba a yi sai da su, sannan a gwada da abin da ke kan kanta. A fiƙihu malaminmu ya lissafo yadda ake hawa: Ahlari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan Muhtasar. Muka tarar muna da Muhtasar har kwafi biyu, Ahlari ko ɗaya babu. Ke nan mun gina soro ba matakala. Mai fara karatu daga ina zai kama?

Ta biyu: zancen da ke ciki bai tsufa ba? Risala ta haura shekara dubu, ba ta tsufa ba. Amma littafin kiwon lafiya da na makarantar boko suna tsufa kamar kayan gwari. Mun sami wanda har yanzu yake cewa a sha kulorokwin don zazzaɓin cizon sauro, alhali asibitocin Gana sun daɗe da canza magani. Wani kuma yana koya wa yara cewa yankunan Gana 10 ne, alhali tun 2019 sun zama 16. A shekarar ce kuma aka sauya manhajar firamare. Irin waɗannan a sauke su, don cutarsu ta fi amfaninsu.

Ta uku: mutanenmu za su iya karanta su? Yawancin dattawanmu da Warshu suka yi karatun allo, mushafan da ake aikowa kuwa na Hafsu ne, rubutun ma daban. A ajiye duka biyun. A duba ko akwai tarjamar Alƙur'ani ta Hausa, irin ta Shehu Abubakar Gumi, da littafi mai manyan baƙaƙe don masu raunin ido, da abin da zai ja yara su so Hausa, kamar Magana Jari Ce. Sashen tarihi kuma, in ba ruwansa da Salaga da Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, to bai san da mu ba.

Ta huɗu: ana ɗauka? A ajiye littafin rubutu biyu a bakin ƙofa, ɗaya na abin da aka ara, ɗaya na abin da aka nema aka rasa. Na biyun shi ya fi daraja, don shi zai gaya mana abin da za mu sayo.

Wanda ya yage, in da ayoyi a ciki, kada a haɗa shi da shara, a kai wa liman ya san yadda za a yi da shi.

Roƙonmu ga masu sadaka shi ne, kafin ku ɗaure kwali, ku tambaye mu abin da aka nema aka rasa. Ahlari ɗaya da littafin lissafi na manhajar yanzu sun fi mana kwali goma da za su kwanta ƙura ta rufe su.