Yadda Ake Jinyar Gyambon Ƙafar Mai Ciwon Suga a Ƙaramin Asibiti

Gyambon mai ciwon suga yakan fara ne daga abin da ba a ɗauka da muhimmanci ba: ƙaya, fason hunturu, kuskuren mai yankan farce, ko ƙuna daga kaskon wuta. Yawan suga na shekaru yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, har mutum ya wuni da ƙusa a takalmi bai sani ba. Wani bincike da aka fara a 2016 a manyan asibitoci shida na Nijeriya ya bi mutum 336 da aka kwantar da wannan ciwo, fiye da kashi ɗaya cikin uku sai da aka yi musu yanka a ƙafa. Da yawansu sun zo ne a makare, shi ya sa ƙaramin asibitin unguwa ke da babban aiki.

Da zuwan majiyyaci, malamin asibiti yakan ce, "Baba, a cire takalman duka biyu." Zai duba tafin ƙafa da diddige da tsakankanin yatsu, ya kuma zura hannu cikin takalmin ko akwai tsakuwa ko ɗinkin da ke gurzar fata.

Daga nan sai gwaji biyu. Na farko da wani siririn zare ne mai kama da na fatsa, wanda ke lanƙwashewa idan an danna shi da nauyin giram 10. Majiyyaci zai rufe ido, a taɓa masa ƙarƙashin babban yatsa da tushen yatsu, yana cewa "na ji" ko ya yi shiru. Na biyu shi ne laluben bugun jini a bayan ƙafa da kuma bayan idon sahu. Ƙafar da ta yi sanyi, ba a jin bugu a cikinta, ba a sa mata wuƙa a nan, babban asibiti ake tura mai ita.

Idan jini na zagayawa a ƙafar, sai a wanke ciwon da ruwan gishirin asibiti, a sa wuƙar tiyata a kankare kanta da mataccen naman da ya zagaye shi har a cimma nama mai jini. Sau da yawa ramin da ke ƙarƙashin kantar ya fi bakinsa faɗi. Za a auna tsawo da faɗi da zurfi a rubuta a kati, sannan a zura tsaftataccen tsinken ƙarfe. In ya daki ƙashi, ana zargin ciwon ya kama ƙashin. A ƙarshe a rufe da bandeji. Ba kowane gyambo ake ba wa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, sai wanda ya kumbura, ya yi ja ko zafi, ko yake fitar da mugunya. Ana kuma auna suga, a daidaita magani, a duba batun allurar tetanus.

Matakin da aka fi sakaci da shi shi ne ɗauke wa ciwon nauyi. Gyambon da ake takawa kullum zuwa kasuwa ko gona ba ya haɗewa, komai tsadar maganin da aka sa masa. Mafi inganci shi ne ɗaurin siminti ko takalmi na musamman mai kaiwa gwiwa. Inda babu, akan manna abu mai kauri da taushi kewaye da ramin, a haɗa da sandar dogarawa da rage zirga-zirga.

Kowane mako ana sake awo. Gyambon da bai ragu da rabi ba cikin mako huɗu, ko yatsa ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya shigo, ko wari ya tashi, takardar tura majiyyaci gaba ake rubutawa a ranar. Bayan warkewa ma gyambon yakan dawo, don haka mai ciwon suga ya riƙa duba ƙafarsa kullum, ya tsane tsakanin yatsu bayan alwala, ya daina yawo ba takalmi ko a tsakar gida.